Tsargiya da Cututtukan Mafitsarar Maza: Shin Bincike Yana Bin Nauyin Cuta?

Duk wanda ya taɓa ratsa ƙauyukan Ajingi da ke gaɓar kogi a lokacin bazara, ko ya bi hanyar Wudil zuwa Gaya bayan ɗaukewar damina sa'ad da kududdufai ke cike, ba zai rasa ganin yara maza suna iyo da tsakar rana ba. Wasu sun kawo dabbobi shan ruwa, wasu sun zo wanki, wasu kuwa zafin rana ne kawai ya koro su. A cikin irin waɗannan yara akan sami wanda idan ya tsuguna fitsari, sai ya ga ɗigon jini ya biyo baya a ƙarshe. Yawanci ba ya gaya wa kowa. In ma ya faɗa, akan ce masa ai tsargiya ce, kowane namiji yana yin ta, za ta wuce in ya girma. A wurare da dama na ƙasar Hausa har akan ɗauki wannan jini a matsayin alamar balaga, kuma an daɗe da irin wannan fahimta a ƙasar Masar ma.

Tsargiya ba alamar balaga ba ce. Cuta ce da wata tsutsa ke haddasawa, kuma tana cikin cututtukan mafitsara da suka fi yawa a duniya. Wannan darasi zai yi amfani da ita wajen duba wata tambaya da masana kiwon lafiya suka daɗe suna muhawara a kanta, watau ko yawan binciken da ake yi a kan cuta yana daidai da yawan wahalar da take jawo wa jama'a. A fannin cututtukan mafitsara da al'aurar maza, amsar tambayar tana da ban mamaki.

Ruwan Gaya da Ajingi

Ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi suna gabashin Jihar Kano, kusa da iyakar Jigawa. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna cewa Gaya na da mutane kimanin dubu 200, Ajingi kuma kimanin dubu 174, kuma mafi yawansu manoma ne da makiyaya da masunta. Kogin Kano da Kogin Calawa suna haɗuwa su zama kogi guda, wanda ya wuce ta Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja, kuma a wannan kwari ne fadamun yankin suke. A da kogin yakan ja baya ƙwarai da rani. Amma tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, sa'an nan ta Calawa a 1992, sai ruwa ya riƙa gudana kusan duk shekara. Wannan ya kawo alheri mai yawa, domin noman rani ya bunƙasa, an sami shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Sai dai ruwan da ba ya ƙafewa, mai tafiya a hankali cikin ciyayi, shi ne mazaunin da wani ɗan ƙaramin dodon koɗi ya fi so. Haka ta faru a Gana bayan gina madatsar Akosombo a 1965, inda tsargiya ta yaɗu a ƙauyukan gaɓar Tafkin Bolta, da kuma Senegal bayan madatsar Diama a 1986.

Yadda tsutsar take rayuwa

Sunan tsutsar a kimiyyance Schistosoma haematobium. Wani matashin likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin ta a 1851 a asibitin Kasr el-Aini na birnin Alƙahira, don haka ne Turawa ke kiran cutar bilharziya. Amma cutar ta girmi ganowarsa da dubban shekaru, domin a 1910 Marc Armand Ruffer ya sami ƙwanta a cikin ƙodar gawarwakin mutanen Masar da aka adana kimanin shekara 3,000 da suka wuce.

Zagayen rayuwarta yana farawa ne daga fitsari. Mai cutar yana fitar da ƙwai a cikin fitsarinsa, ƙwan da ido ba ya gani sai da madubin likita, kowanne da ɗan tsini kamar ƙaya a ƙarshensa. Idan fitsarin ya shiga kogi ko kududdufi, ƙwan sai ya ƙyanƙyashe, 'yar halittar da ta fito ta shiga neman dodon koɗi na jinsin Bulinus. Idan ba ta same shi cikin sa'o'i kaɗan ba, sai ta mutu. Idan ta same shi, sai ta shige jikinsa ta yi ta hayayyafa, bayan mako huɗu zuwa shida dodon koɗin ya fara sakin dubban 'yan tsutsotsi masu wutsiya mai baki biyu a cikin ruwa, musamman da rana tsaka, daidai lokacin da yara ke wanka. Waɗannan ba sa jiran a sha su. Fatar mutum suke hudawa, cikin 'yan mintuna, su bi jini zuwa hanta su girma a can. Daga nan namiji ya rungumi tamata a cikin wani tsagi da ke jikinsa, su koma jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara su zauna. Sukan rayu shekara uku zuwa biyar, wasu ma fiye da haka nesa, tamatar tana zuba ƙwai kullum.

Wanda ya tabbatar da wannan zagaye shi ne Robert Leiper, a 1915. Yana da kyau ɗalibi ya lura da dalilin aikinsa: gwamnatin Ingila ce ta tura shi Masar a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, domin tana tsoron kada cutar ta kwantar da sojojinta da ke can. Manoman Masar sun shekara dubbai suna fitsarin jini kafin wannan lokaci. Haka kuma Amurka ta ƙara mai da hankali ga 'yar'uwar wannan tsutsa ta Asiya bayan sojojinta fiye da dubu sun kamu a tsibirin Leyte na ƙasar Filifin a 1944.

Ɓarnar ƙwai

Ba tsutsar ce ke yin mafi yawan ɓarna ba, ƙwanta ne. Wasu ƙwayayen suna huda bangon mafitsara su faɗa cikin fitsari, kuma wannan hudawa ce ke jawo jini da zafin fitsari. Sauran kuwa suna maƙalewa a cikin nama. Jiki yakan kewaye kowane ƙwai da kumburi, kumburin ya zama tabo, tabon ya taurare. Bayan shekaru bangon mafitsara yakan yi kauri ya rasa laushinsa, hanyoyin da ke sauko da fitsari daga ƙoda su tsuke, fitsari ya riƙa taruwa a sama har ƙoda ta kumbura ta lalace. Abin lura shi ne, jinin yakan ragu ko ya tsaya sa'ad da yaro ya zama saurayi, shi ya sa ake zaton cutar ta wuce da kanta, alhali tabon yana nan.

Wani ƙiyasi da Marieke van der Werf da abokan aikinta suka buga a 2003 ya nuna girman al'amarin a Afirka kudu da Sahara: mutum miliyan 112 na ɗauke da wannan tsutsa, miliyan 70 na fitsarin jini, miliyan 18 bangon mafitsararsu ya lalace ƙwarai, miliyan 10 ƙodarsu ta kumbura, kuma kimanin mutum 150,000 na mutuwa kowace shekara saboda ƙodarsu ta daina aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum fiye da miliyan 251 ne ke bukatar maganin tsargiya iri-iri, kashi 90 cikin ɗari nasu a Afirka. Nijeriya ce ake lissafawa a kan gaba wajen yawan masu ita.

Akwai kuma ciwon daji. Tun 1911 wani likita a Alƙahira mai suna Ferguson ya lura da alaƙar tsargiya da dajin mafitsara, a 1994 kuma cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan tsutsa a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji ga ɗan Adam. A Turai dajin mafitsara ciwon tsofaffi ne, kuma shan taba ne babban dalilinsa. A inda tsargiya ta yi yawa kuwa, wani nau'i ne dabam ke fitowa, mai kama mutum yana ɗan shekara 40 zuwa 50, lokacin da yake tsakiyar ɗawainiyar iyali. Nazarin da likitocin Kano suka buga a 2003, da na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a 2007, duka sun nuna cewa fiye da rabin dajin mafitsarar da suka gani irin wannan nau'i ne.

Ɓangaren da aka fi mantawa da shi shi ne al'aura. Ƙwan yakan maƙale a jakar maniyyi da furostet, wani lokaci har da maraina, ya jawo jini a maniyyi, da zafi lokacin saduwa, kuma yana iya taɓa haihuwa. An bayyana wannan tun 1911 a Masar, amma sai a shekarar 2000 ne Peter Leutscher da abokansa suka buga binciken da suka yi a cikin al'umma a Madagaska, inda suka ga ƙwai a kashi 43 cikin ɗari na maniyyin da suka auna. Kusan shekara casa'in ke nan tsakanin ganowa da ƙirgawa. Mata ma suna da nasu kason, domin an ƙiyasta mata miliyan 56 ne tsargiya ta taɓa al'aurarsu, amma wannan darasi ne na dabam.

Yaya ake auna nauyin cuta?

Ƙirga mamata kaɗai bai isa ba, domin akwai cututtukan da ba sa kisa nan take amma suna hana mutum sakat na shekaru. Saboda haka ne a rahoton Bankin Duniya na 1993 aka gabatar da wani ma'auni da Christopher Murray da Alan Lopez suka yi aiki a kansa, wanda ake taƙaita sunansa da DALY. Ma'aunin yana haɗa abu biyu: shekarun da mutum ya rasa saboda ya mutu da wuri, da shekarun da ya rayu cikin rashin lafiya. Domin lissafa na biyun, kowace cuta ana ba ta maki tsakanin 0 da 1, inda 0 ke nufin cikakkiyar lafiya, 1 kuma daidai da mutuwa.

A lissafin farko an ba tsargiya maki 0.005, watau rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ɗalibi zai iya gwada abin da wannan ke nufi da alƙalami. A ɗauka akwai yara 1,000 masu tsargiya har tsawon shekara guda. Idan aka ninka 1,000 da 0.005, za a sami shekara 5 kacal na lafiyar da aka yi asara. A 2005 Charles King da abokan aikinsa suka sake tattara binciken da aka yi, suka sa ƙarancin jini da ciwon ciki da kasala da rashin girma a cikin lissafi, suka ce makin da ya dace yana tsakanin 0.02 da 0.15. Da wannan maki, yaran nan 1,000 sun yi asarar shekara 20 zuwa 150. Yaran ba su canja ba, cutar ba ta canja ba, amma nauyinta a takarda ya ninku sau huɗu zuwa sau talatin.

A nan ne matsalar take zagayawa kamar jakin da aka ɗaure a turke. Cutar da ba a yi bincike sosai a kanta ba, ba a san dukan illarta ba, sai a ba ta maki kaɗan. Mai maki kaɗan kuma ba ta jan hankalin masu raba kuɗin bincike. Manomin da ƙodarsa ta lalace ya rasu a gida ba tare da an yi masa hoto ba, babu littafin da zai rubuta cewa tsargiyar yarinta ce ajalinsa.

Ina kuɗin bincike ke tafiya?

A 1990 wani kwamitin ƙasa da ƙasa kan binciken lafiya ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 5 cikin ɗari ne kawai na kuɗin binciken lafiya a duniya ke tafiya ga matsalolin ƙasashe masu tasowa, alhali kashi 93 cikin ɗari na mace-macen da za a iya hanawa a can suke aukuwa. Daga baya aka riƙa kiran wannan giɓi "giɓin 10 da 90". Wani nazari da aka buga a 2002 ya ƙirga sababbin magunguna 1,393 da suka shiga kasuwa tsakanin 1975 da 1999, ya tarar 16 ne kaɗai na cututtukan ƙasashe masu zafi da tarin fuka. A 'yan shekarun nan kuɗin da ake kashewa kan binciken cututtukan matalauta ya kai kimanin dala biliyan 4 a shekara, amma mafi yawansa na ƙanjamau ne da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. Dukan cututtukan tsutsa a haɗe, har da tsargiya, ba su kai kashi 5 cikin ɗari na wannan kuɗi ba.

Misali mafi bayyana yana cikin fannin lafiyar maza kansa. Kamfanin Pfizer yana gwada wani magani domin ciwon zuciya, sai aka lura yana taimakon masu raunin mazakuta. Aka amince da shi a Amurka a watan Maris na 1998 da sunan Viagra, kuma a 1999 kaɗai cinikinsa ya haura dala biliyan ɗaya. Zuwa 2003 wasu kamfanoni sun fito da Cialis da Levitra. Cikin shekara biyar an sami magani uku. Ba a raina raunin mazakuta ba, domin yana kashe aure, kuma sau da yawa alama ce ta ciwon sukari ko hawan jini. Amma tsargiya, mai mutum fiye da miliyan ɗari, magani guda take dogara da shi fiye da shekara arba'in, watau farazikwantel, wanda kamfanonin Merck da Bayer na Jamus suka samar a shekarun 1970, kuma a maganin tsutsar dabbobi aka fara sayar da shi. Dalilin bambancin ba ɓoyayye ba ne. Kamfani yana duba wanda zai iya biya, yaron da ke iyo a fadamar Ajingi kuwa ba shi da ko sisi.

Farazikwantel magani ne nagari, kuma farashinsa ya faɗi bayan kamfanin Shin Poong na Koriya ta Kudu ya gano hanya mai sauƙi ta haɗa shi a farkon shekarun 1980. Daga 2007 kamfanin Merck ya fara ba da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2012 kuma ya yi alkawarin ƙwaya miliyan 250 a shekara. Amma yana da iyaka: ba ya kashe tsutsar da ba ta gama girma ba, ba ya hana sake kamuwa, ba ya kuma warkar da tsohon tabo. Ƙwayar tana da girma da ɗaci, ƙananan yara ba sa iya haɗiye ta, sai a watan Disamba na 2023 ne hukumar magunguna ta Turai ta amince da nau'in da aka yi domin su. Allurar rigakafi kuwa har yanzu babu. An gwada wata a kan yara 250 a Senegal, sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna ba ta ba da kariyar da ake bukata ba.

Tsutsar da ta ƙi zama a ɗakin bincike

Ba kuɗi ne kaɗai dalili ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Ko a cikin dangin tsargiya akwai 'yar bora. Tsutsar da ke kama hanji da hanta, Schistosoma mansoni, tana da sauƙin kiwo a jikin ɓeran gwaji, kuma cutar da take yi wa ɓera ta yi kama da ta mutum. Ta mafitsara kuwa idan aka sa wa ɓera, ba ta zuwa mafitsara, sai ta tafi hanta da hanji, dodon koɗinta ma yana da wuyar kiwo. Mai neman digiri na uku yana da shekara uku ko huɗu ne kawai, don haka sai ya zaɓi tsutsar da za ta ba shi sakamako. Da haka aka wayi gari tsutsar da ke da kimanin kashi biyu cikin uku na masu cutar a Afirka ita ce aka fi ƙarancin rubutu a kanta. David Rollinson na gidan adana tarihin halittu da ke Landan ya yi kira a kan wannan rashin daidaito a 2009, shekarar da aka buga cikakken tsarin ƙwayoyin gadon sauran tsutsotsin biyu. Na tsutsar mafitsara sai 2012 aka buga shi. A wannan shekara ce kuma masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka nuna dabarar yi wa ɓera allurar ƙwan kai tsaye a bangon mafitsara, domin a iya nazarin cutar a inda take zama.

Dattawa da sauran cututtukan maza

A ɗaya gefen akwai cutar da ta sami kulawar masu bincike sosai, watau dajin furostet. Furostet wata 'yar tsoka ce da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta kewaye bututun fitsari. Kafofin watsa labarai kan kira dajinta "sankarar mafitsara", amma ɗalibi ya kula, dajin furostet dabam, dajin mafitsara dabam. A 2022 an ƙiyasta sababbin masu dajin furostet kusan miliyan ɗaya da rabi a duniya, da mamata kusan 400,000, kuma shi ne dajin da ya fi yawa a tsakanin mazan Nijeriya. Ya cancanci binciken da ake yi a kansa. Tun 1941 Charles Huggins ya nuna cewa rage sinadarin mazantaka yana danne shi, abin da ya ba shi lambar yabo ta Nobel a 1966, daga baya aka sami gwajin jini na PSA da magunguna iri-iri. Sai dai a nan ma akwai giɓi. Maza masu asali daga Afirka sun fi kowa haɗarin kamuwa da mutuwa da wannan daji, amma mafi yawan binciken ƙwayoyin gado a kan Turawa aka yi shi. Kuma dattijon ƙauye yakan isa asibiti ne bayan ciwon ya kai ƙashin baya.

Abin da ya fi dajin yawa nesa shi ne kumburin furostet wanda ba daji ba. An ƙiyasta maza miliyan 94 na fama da shi a 2019. Shi ne ke sa tsoho tashi fitsari sau da yawa da dare, ko fitsarin ya riƙa fita da ƙyar, wata rana ya toshe gaba ɗaya sai an sa masa roba. Ga mutumin da ke son tsarkinsa domin salla biyar, yawo da robar fitsari na watanni ba ƙaramar jarrabawa ba ce, kuma ma'aunin da aka tsara a Janeba ba lallai ne ya ga wannan ba. Haka tsukewar bututun fitsari da kan biyo bayan ciwon sanyin da ba a yi wa magani daidai ba. Haka gwaiwar da tsutsar tundurmi ke haddasawa, wadda sauro ke yaɗawa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ta kama maza miliyan 25, alhali ƙaramar tiyata ce maganinta. Sa'an nan ga rashin haihuwa: a kusan rabin ma'auratan da ba su sami haihuwa ba, akwai matsala a ɓangaren miji, amma a al'ada mace ake ɗora wa laifi, a yi ta kai ta wurin masu magani, ko a yi mata kishiya, ba a auna maniyyin maigida ba. Duk waɗannan kunya ce ke rufe su, abin da aka ɓoye kuwa ba ya shiga ƙidaya.

Abin da aka yi a ƙasar Hausa

Ba a zauna hannu rabbana ba. A shekarun 1970 an gudanar da babban aikin binciken cututtuka a Malumfashi, inda Pugh da Gilles suka bi diddigin tsargiya na shekaru, suka nuna cewa yara maza ne suka fi kamuwa kuma su ne suka fi zubar da ƙwai. A 1988 Betterton da abokan aikinta suka buga nazarin tsargiya da dodon koɗi a kewayen madatsun ruwa na Jihar Kano. Wani binciken da aka buga a 2016 a kan mutum 551 daga ƙananan hukumomi biyar na jihar ya tarar kusan kashi 18 cikin ɗari na ɗauke da ɗaya daga cikin tsutsotsin biyu. Yau ga Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ga kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote a Wudil, a bakin kogin da ake magana a kansa. Matsakaicin adadi na jiha ba ya faɗin halin kowane ƙauye, domin tsargiya cuta ce ta wuri-wuri: ƙauye ɗaya yana iya cika da ita, na kusa da shi mai rijiyar burtsatse ya kuɓuta. Saboda haka ƙidayar ƙauye-ƙauye ta fi amfani.

Aikin da makaranta za ta iya yi

A farkon shekarun 1990 an gwada wata hanya mai sauƙi a Tanzaniya da wasu ƙasashen Afirka, ƙarƙashin shirin binciken cututtukan ƙasashe masu zafi na Hukumar Lafiya ta Duniya. Malaman makaranta ne suka riƙa tambayar ɗalibansu ko sun ga jini a fitsarinsu cikin watan da ya wuce, kuma aka tarar amsoshin yaran sun isa a gane makarantun da cutar ta yi wa yawa. Malamin kimiyya a Gaya ko Ajingi zai iya yin irin wannan tare da izinin shugaban makaranta da sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Sharaɗi shi ne sirri: kowane ɗalibi ya rubuta i ko a'a da shekarunsa da ruwan da yake shiga, ba tare da suna ba, ya jefa a akwati. Sai aji ya lissafa kashi nawa cikin ɗari, ya zana taswirar kududdufai da mashigai, ya kwatanta.

Ma'aikatan lafiya suna tabbatar da cutar da 'yar takardar gwaji da ake tsomawa a fitsari, ko ta tace mililita 10 na fitsarin da aka karɓa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwai ya fi fita, a duba a madubin likita. Ƙwai 50 ko fiye a wannan awo yana nufin cutar ta yi yawa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta ce duk al'ummar da kashi 10 cikin ɗari ko fiye suka kamu, a ba kowa magani sau ɗaya a shekara tun daga ɗan shekara biyu. Ana ba da miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, ƙwaya ɗaya kuma miligiram 600 ce, don haka yaro mai kilo 30 zai sha ƙwaya biyu. Inda babu sikeli akan yi amfani da sandar awon tsawo. Ma'aikacin lafiya ko malamin da aka horar ne ke bayarwa, kuma bayan an ci abinci, domin yakan sa jiri ko murɗar ciki na ɗan lokaci, musamman ga wanda tsutsar ta yi masa yawa.

Ruwan wanka da aka ɗebo daga kogi, idan aka tafasa shi ko aka ajiye shi kwana biyu, 'yan tsutsotsin da ke ciki sun mutu. Fitsarin da aka yi a masai ko a busasshiyar ƙasa nesa da ruwa, ƙwansa ba zai kai ga dodon koɗi ba. Ɗalibin da ya ga jini a fitsarinsa ko maniyyinsa ya je asibiti ko da ba ranar rabon magani ba ce, babba kuwa da ya ga jini a fitsari bayan shekara 40 yana bukatar a yi masa hoton mafitsara da ƙoda, ba shan ƙwaya kawai ba.